Ƙarfen da ke Bakin Ƙofar Jirgi

Landan,
Janairu, 1978

Zuwa ga Alhaji,

"Wallahi, Hansai, ni da kaina zan cire ƙarfen nan. Jirgin ba zai sake taɓa ruwa da shi ba."

Maganarka ce wannan. Ka faɗe ta a barandar asibitin da ke Whitechapel, kana tsaye da rigar Sallarka, jinin 'yarka ya bushe a hannun rigar. Na sa ta gaban gaisuwa ne don na san yadda kake karanta wasiƙa: ka duba farkonta, ka ninke, ka cusa a aljihu, ka ce za ka ƙarasa anjima.

To, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya Ikko, ya zafi, ya fama da jama'a? Ya ƙafar taka, tana barinka ka yi barci? Ina fata aikin simintin yana tafiya yadda kake so. Mu nan muna nan, sai sanyi da duhun da ke sauka tun la'asar. Yaran maza sun koma makarantar kwana lafiya, suna gaishe ka.

Jiya da hantsi Baturen nan mai kula da wurin da kake ajiye jirginka a Essex ya bugo waya yana nemanka. Na ce kana Ikko. Ya ce to, in isar maka da saƙo: kayan da ka aiko a saya sun iso, ya ɗaura su yanzu ko ya jira ka dawo? Na ce waɗanne kaya? Ya ce sababbin abubuwan tokare na traveller, masu ƙarfi, irin na jiragen tsere. Na sa shi ya maimaita, don na ɗauka Turancinsa na bakin teku ne ya shige mini duhu. Ya maimaita a hankali kamar mai magana da kurma. Har ya ƙara da cewa yana gaida yarinya, yana fata ta ji sauƙi.

Wato ƙarfen yana nan. Ba ma yana nan kawai ba, ado ka saya masa.

Ba na bukatar zuwa Essex in gan shi. Ina rufe ido yake zuwa. Wannan dogon ƙarfe da ka shimfiɗa kamar layin dogo daga wannan gefen jirgi zuwa wancan, daidai bakin ƙofar ɗakin jirgin, inda duk mai fitowa sai ya tsallaka shi. Da 'yar kurarsa da ke gudu a kai, tana riƙe da igiyar babban ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi. Da ƙarar da ta yi ranar nan, lokacin da ta taso daga hagu ta doki dama. Ni ina cikin ɗakin ina zuba shayi, bayan yarinyar kawai nake gani tana hawa matakala da faranti a hannu. Har yau idan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ja birki a tasha sai na dafa bango.

Tunda ba ka tambaya ba a waya, bari in ba ka labarin hannun. Yatsu biyun da aka yanke wurinsu ya warke, ba ya ruwa. Sauran ukun ne suka ƙi. Ba sa naɗewa, ba sa miƙewa sosai, sai su tsaya kamar wanda zai ɗebi hatsi ya fasa. Likita ya ce jijiya ce, ya ce a jira. Ya faɗi kalmar jira da irin muryar da na sani, ta mutumin da ba ya son ya yi ƙarya kuma ba ya son ya faɗi gaskiya. Muna zuwa gashi da motsa hannu kowane mako. Akwai wata nas 'yar Kagoro, Sista Rhoda Kambai, Allah Ya saka mata da alheri, ita ce ke zama da ita tana yi mata Hausa tana tsokanarta har ta ɗan saki fuska. Tana koyon rubutu da hagu. Na ga takardun a kwandon shara, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya. Yarinyar da malamanta suka ce ita za su tura karatun likita bana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cin abinci. Ba ta iya ci da dama, kuma ta ƙi ci da hagu a gaban kowa. Na kai ta wurin malamin masallacin Regent's Park, ya gaya mata da bakinsa cewa lalura ce, babu laifi a kanta ko kaɗan. Ta ce ta ji. Muka dawo gida ta ɗauki kwanonta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Idan matan 'yan uwanmu sun zo dubiya ba ta fitowa, don ba ta da hannun da za ta miƙa musu ruwa da shi.

Na gaya wa Baturen kada ya taɓa komai sai ya ji daga gare ka. Ka aika masa ya kwance ƙarfen. Na ma yafe maka "ni da kaina" ɗin, in dai za a cire. Layi ɗaya ya isa, kai da kake aika saƙon waya Jamus da Girka kullum a kan buhunan siminti.

Ka gaida Abdulƙadir da mutanen ofis. Allah Ya tsare.

Matarka,
Hansai


Landan,
Fabrairu, 1978

Zuwa ga Alhaji,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an ce zazzaɓi ya kwantar da kai kwanakin baya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka daina shan ruwan otal, ka sa a dafa maka.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Abdulƙadir. Rabon da ka rubuto mini doguwar wasiƙa haka tun muna saurayi da budurwa. Na zauna na gyara tabarau, sai na tarar kusan dukanta a kan ƙarfe take, har da zane. 'Yarka ta sami layi ɗaya a ƙarshe, tare da gaisuwar mai gadin flat.

Ka ce ni mace ce ban san jirgi ba. Ka manta wa ka aura. Watannin nan da nake zaman jira a asibiti ba saƙa nake yi ba. Na kwaso littattafanka na jirgi daga kan kanta, na ƙaro da na laburare, na karanta su yadda nake karanta rubutun ɗalibaina na Hausa a Bloomsbury, da jan biro a hannu. Saboda haka bari mu bi maganarka.

Ka ce ƙarfen yana sa jirgi ya fi iya fuskantar iska, yana kuma rage masa kwanciya gefe guda idan iska ta bugo. Ban ƙaryata ka ba. Amma ka tsaya a rabin shafi. Ƙasa kaɗan sun ce mai tsere ne ke neman wannan amfanin, wanda ke da ƙarti cike da jirgi, kowa riƙe da igiyarsa, kowa ya san lokacin da zai sunkuya. Ƙaramin jirgin yawo irin naka, da ake fita da iyali a sha iska a dawo kafin ruwa ya janye, ya ishe shi a ɗaure igiyar wuri guda can baya, bayan mai tuƙi, inda ba wanda ke wucewa. A haka ka same shi. Tsohon da ya sayar maka ya shekara da shekaru yana yawo da jikokinsa a haka, ya ce har Holan ya je da shi. Ga kuma igiyar nan da ke danne sandar ƙyallen daga gindin ginshiƙin jirgi, ita ma tana yin mafi yawan aikin da kake yaba wa ƙarfen. Ko waɗanda suka nace sai sun sa, da yawa a kan rufin ɗaki suke ɗorawa, ba a bakin ƙofa ba. Duk abin da ya ƙara maka bai wuce ka riga wani isa gaɓa da tsawon shan kofin shayi ba. Ina za ka, Alhaji? Wa ke jiranka a can?

Na san abin da ya sa ka saka shi, kuma ba iska ba ce. Ina wurin ranar da Baturen kulob ɗinku na masu jirgi, mai jan gemu, ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da lofensa ya ce wannan ai kujerar kaka ce, ba jirgi ba. Suka yi dariya, kai ma ka yi. A mota ba ka ce uffan ba har muka shigo gari. Kai kaɗai ne baƙar fata a kulob ɗin, na san nauyin wannan, ba sai an gaya mini ba. Kuma ban manta ranar farko da ka riƙe sandar tuƙi ba, kai ɗan Fagge da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba sai da ya yi gemu. Fuskarka ranar ta koma ta yaro. Na so jirgin nan saboda wannan fuskar. Ba jirgin nake yaƙi da shi ba.

Ka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba a wurinka na koye ta ba. Amma ƙaddara ba ta riƙe sukundireba ba, Alhaji. Ba ita ta huda katako ba.

Sannan ka ce, da ba a shiga jirgi da gyale ba da ba a yi haka ba. A nan na ajiye wasiƙar na je na yi alwala, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Bari in tuna maka ranar, tunda ta fara canza kama a bakinka. Ƙaramar Sallah ce. Muna fitowa daga Idi ka ce za a kai Alhaji Maje da abokinsa yawon Sallah a ruwa, don su ga cewa ɗan Kano ma yana da jirgi a ƙasar Turawa, kuma takardar kwangilarka tana kan teburinsa. Yarinyar ta ce a biya gida ta sa wandonta da rigar roba kamar yadda ta saba. Ka ce a'a, manyan baƙi ne daga gida, ba za su koma su ce 'yar Uwaisu ta zama Baturiya ba, ta zauna da kayan Sallarta ta yafa gyalenta. Ta gaya maka da Turancin nan nata cewa ba a shiga jirgi da abin da ke lilo a wuya, kai ka koya mata. Ka harare ta. Ta yafa gyalen, don mun yi mata tarbiyya.

A ruwa ka miƙa wa Alhaji Maje sandar tuƙi, mutumin da bai taɓa hawa ko kwalekwale ba, yana zaune cikin babbar riga yana dariya yana cewa a ɗauke shi hoto. Ka bar 'yar kurar a sake ba ka tokare ta ba, kana ta nuna masa yadda take gudu. Sai ka leƙo ka ce a kawo wa baƙi dambun nama. Yarinyar tana ɗaga ƙafa za ta tsallaka ƙarfen, Alhaji Maje ya karkata jirgin, iska ta zagayo ta baya, sandar ƙyallen ta wulla zuwa ɗaya gefen, 'yar kurar ta biyo ta ta cafke bakin gyalen. Wuyanta aka ja. Ta kai hannun dama don ta ceci wuyan, igiya ta haɗiye hannun. Ba don hannun ba, da gawa muka kawo Landan.

Kuma kalmar farko da ta fito daga bakinka, tana kwance tana kallonka, a gaban baƙinka, ita ce: "Wa ya ce ki fito da gyale yana ja?"

Na san tsoro ne ya yi magana. Ita ba ta sani ba.

Ni da kai ba mu taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, da kunyarta aka tashe mu. Shekara goma sha bakwai ina cewa "ke" da "yarinyar nan". Kai kuwa da ka sayi jirgi, sunan da bakinka ya kasa furtawa shi ka sa aka rubuta da farin fenti a bayansa, ta tsaya tana kallo tana murmushi. Yau ni na ajiye kunyar. Luba. Luba ce ta rasa hannu, ba wadda aka yi da katako ba.

Abu na ƙarshe. Ka ce mutanen kulob sun ba ka shawara cewa maganin tsoro shi ne a mayar da mutum ruwa da wuri, don haka idan an sauke jiragen a bazara za ka ɗauke ta ku fita, ta ga sababbin abubuwan tokaren, hankalinta ya kwanta. Ka gaya wa mutanen kulob na gode. Su gwada da 'ya'yansu.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka karanta wannan har ƙarshe.

Matarka,
Hansai


Landan,
Maris, 1978

Alhaji,

Barka da war haka, ya aiki, ya jiki? Ban ji daga gare ka ba. Abdulƙadir ya ce kana lafiya, har ka je Kano ka dawo. Alhamdu lillahi.

Luba ta bar makaranta. Ba ta yi rigima ba. Ta tattara littattafanta ta jera su a kwali ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba amfani ta tare wa wani wuri. Shugabar makarantar ta zo gida da kanta, ta ce za a samo mai rubuta mata jarrabawa, ta ce akwai karatu da yawa da ba sa neman yatsu. Luba ta saurare ta da ladabi har ta gama, ta raka ta bakin ƙofa.

Da can sai na yi faɗa kafin ta yafa gyale. Yanzu ba ta rabuwa da shi, har a cikin ɗaki, ta naɗe hannun a ciki ta rungume a ƙirji kamar jinjiri. Ta rame. Zoben da ka saya mata yana zamewa daga yatsan hagu.

Ta gan ni ina neman ambulan, ta gane wa zan rubuta wa. Ta ce, "Mama, ki daina damunsa. Jirgin ne kaɗai abin da ke sa shi farin ciki." Sannan ta ce in gaya maka ka yi haƙuri, ta ɓata maka Sallah, ta kunyata ka a gaban baƙi.

To, na isar. 'Yarka tana ba ka haƙuri.

Na gaya mata ba laifinta ba ne. Sista Rhoda ta gaya mata. Malam ya gaya mata. Tana gyaɗa mana kai kamar yadda ake yi wa masu ta'aziyya. Mutum ɗaya ne ya ce laifinta ne, kuma shi kaɗai za ta yarda da shi idan ya janye. Muddin ƙarfen nan yana wurinsa, maganarka ma tana wurinta. Na janye rangwamen da na yi maka a watan Janairu. Ba aikin Bature ba ne.

Ba ni da ƙarfin dogon rubutu yau. Allah Ya kiyaye hanya.

Hansai


Landan,
Afrilu, 1978

Zuwa ga Alhaji Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen da ke tare da kai. Saƙonka na waya ya iso, cewa za ka shigo ƙarshen wata don a sauke jirgi, a shirya maka rigunan ruwa. An wanke su, suna rataye.

Makon jiya wani ɗalibi ya zo daga Kano da saƙon Hajiya mahaifiyarka: kuka, daddawa, kilishi, da kaset. Ka san yadda Luba take da kakarta. Rabon da in ga ta fito falo da saurinta tun kafin Sallah. Ita ta sa kaset ɗin da hagu, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata. Hajiya ta gaida kowa, ta yi addu'o'inta, ta ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, akuya tana kuka a bayanta. Luba har da dariya. Sai Hajiya ta ce:

"Ina ƙawata, 'yar rawar kai? Ubanki ya ce kin faɗo daga matakalar jirgin ƙasa kin ji ciwo a hannu. Ke kullum gudu, kullum gudu, kamar wadda aka biyo! Ga shi kin tayar wa ɗana hankali, ya zo nan duk ya rame. Ki dinga duba gabanki, kin ji ko? In kin warke ki zo ki yi mini tsifa, ba wanda ya iya sai ke."

Kaset ya ci gaba da juyawa. Luba ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi. Ta kashe rediyon, ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni da Hausa, ita da ba ta mayar mini da Hausa sai ta ga dama: "Mama, kunyata yake ji?"

Na sunkuya na cire kaset ɗin kawai. Ni da ake cewa bakina ya fi reza.

Tun ranar ba ta fita gashin hannu ba. Sista Rhoda ta zo gida bayan ta tashi aiki, ta zauna a bakin gadon ta yi ta magana, Luba ta juya fuska bango. Da za ta tafi ta ja ni kicin ta ce, "Hajiya, hannun nan ba shi ne ke ba ni tsoro ba yanzu." Na kwashe magungunan gidan duka na kulle a akwatina. Ina kwana a ɗakinta. Ka karanta layin nan sau biyu.

Na yi ta juya abin a raina, ina neman inda zan ba ka uzuri. Na ce ko ka ji tsoron hawan jinin Hajiya ne. Amma da don ita ce, da ka ce hatsari ne a jirgi ka tsaya nan. Kai sai da ka ƙirƙiro matakala, ka ɗora yarinyar a kai, ka ture ta. Ba Hajiya ka kare ba. Ka fi son uwarka ta ɗauka jikarta sakarya ce da ta san ɗanta ya yi kuskure. Mutumin da na aura yana da girman kai, na sani tun ranar da aka kai ni. Ban san girman kan ya fi 'yarsa nauyi ba.

Ga abin da ya rage.

An ce Asabar ta ƙarshe a watan nan za a mayar da jiragen kulob ruwa. Kafin wannan Asabar ɗin ka zo. Ka ɗauki Luba a mota ku je Essex, jirgin yana kan tudu, ba a ruwa ba. Ta tsaya a ƙasa ta ga ka kwance shi. Ka gaya mata cewa kai ka shimfiɗa ƙarfen a hanyarta, kai ka hana ta canza kaya, kai ka ba baƙo tuƙi, kuma abin da ta gaya maka a ƙofar masallaci gaskiya ne. Ba sai ka yi kuka ba, ba sai ka durƙusa ba. Idan kun dawo ka zauna a falon nan ka ɗauki kaset zuwa ga Hajiya, Luba tana ji. Shi ke nan. Jirginka ka riƙe abinka, ka ɗaure igiyar a baya kamar yadda ka same ta, ka je Holan in kana so.

In Asabar ta wuce ba ka yi ba, ranar Lahadi Sista Rhoda za ta kai ni Essex a motarta. Na duba zanenka da kyau, na gode da shi, na ga inda kowane noti yake. Zan kwance ƙarfen da 'yar kurarsa da sababbin adonsa, in naɗe su a bargo. Na yi booking na mutum biyu zuwa Kano, jirgin Talata. Daga filin jirgi gidan Hajiya za mu wuce. Zan shimfiɗa shi a tsakar gidanta, a gaban ƙannenka da matansu, in ce ga matakalar da jikarki ta faɗo. Sannan Luba ta kwance gyalen ta nuna mata hannun da take jira ya yi mata tsifa.

Daga nan Zariya za mu, gidan Yaya Zailani. Akwai likitoci a can, akwai makaranta, akwai mutanen da za su ci abinci da ita ko da wane hannu ta ci. Yaran maza su ƙarasa zangonsu, hutu ya kawo su. Takardata kuwa can za ka aika, ba sai ka kawo da kanka ba.

Ban rubuta wannan don in tsorata ka ba. Da na ga alamar tsoro yana motsa ka, da na yi murna. Shekara ashirin na san yadda kake yi: za ka sauka da tsaraba, ka ce a bar maganar sai ka huta, ka ce mata ba su san jirgi ba, Asabar ta zo ka tafi da rigunan ruwanka kai kaɗai. Ina roƙon Allah Ya ƙaryata ni. Amma na riga na sayi sifanar kwance noti.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Hansai Isma'ila